Ka Sabunta Xcode ko Android Studio: Ina Makomar Manhajarka a Tsofaffin Wayoyi? Tambayoyi da Amsoshi

Kamfanin Apple yana fitar da sabon Xcode, kayan aikin haɗa manhajojin iPhone, kusan kowane watan Satumba tare da sabon iOS. Google ma yana sabunta Android Studio da Gradle, kayan aikin haɗa manhajojin Android, a kai a kai, kuma App Store da Google Play duk suna da wa'adin da in ya cika ba za su ƙara karɓar manhajar da aka haɗa da tsofaffin kayan aiki ba. Wayoyin da ke hannun jama'a kuwa ba ruwansu da wannan wa'adi. Wanda ya sayi iPhone 7 na hannu, ko yake riƙe da itel ɗin da ya daɗe yana lallaɓawa, abin da ya sani kawai shi ne jiya manhajar tana buɗewa, yau ta ƙi. Tambayoyin da ke ƙasa na masu haɗa manhaja ne da suka tsinci kansu a tsakanin waɗannan ɓangarori biyu.

In na sabunta kayan aikina, ke nan na yi sallama da tsofaffin wayoyi?

A'a. Sigar da kake haɗa manhaja da ita daban, sigar da manhajar take buƙata kafin ta yi aiki daban. Sabon keken ɗinki ba ya hana tela ɗinka wa ƙaramin yaro riga, shi dai ya auna shi daidai.

A Xcode lambobi biyu ne. Akwai Base SDK, wato tarin umarnin iOS da Xcode ɗin ya zo da shi, kuma kullum na sabuwar siga ne. Akwai kuma Deployment Target, wanda shi ne mafi tsufan iOS da ka yarda manhajarka ta sauka a kansa. Kana iya haɗawa da SDK na iOS 17 alhali manhajar tana aiki a iOS 13, ba wani abin mamaki ba ne, haka galibin manhajojin da ke App Store suke. Yawancin masu firgita bayan sabuntawa sun duba wurin Base SDK ne, suka ga babu tsohuwar siga a jerin, suka ɗauka an rufe ƙofa. Ba can ake dubawa ba.

A Android kuma fa? Na ga lambobi uku a fayil ɗin Gradle.

Uku ne, kuma kowacce da aikinta. compileSdk ita ce takwarar Base SDK: tana faɗa wa kayan aikin waɗanne umarnai ne aka sani lokacin haɗawa, ba ta shafar wayar kowa kai tsaye. minSdk ita ce matakin ƙasa, duk wayar da ba ta kai wannan lamba ba, manhajar ba za ta sauka a kanta ba, Google Play ma ba zai nuna mata ita ba. Lambobin ba sa tafiya daidai da sunan sigar da mutane suka sani, saboda haka sai an riƙe su: Android 4.4 na 2013 shi ne 19, Android 5.0 shi ne 21, Android 6.0 shi ne 23, Android 7.0 shi ne 24, Android 8.0 shi ne 26, Android 10 shi ne 29, Android 13 shi ne 33, Android 15 na 2024 kuma 35.

Ta ukun, targetSdk, ita ce mai rikitarwa, domin alkawari ce kake yi wa wayar. Kana ce mata ka gwada manhajarka a kan wannan siga kuma ka yarda a yi maka hukunci da dokokinta. In ka bar ta a ƙasa, sabuwar waya takan sassauta maka a abubuwa da dama. In ka ɗaga ta, sassaucin ya ƙare. Misali, daga 28 waya ba ta barin manhaja ta yi magana da saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar a intanet, ta hanyar HTTP marar kariya sai ka nemi hakan a fili. Daga 31 dole ka rubuta android:exported a kan duk sashen da ke karɓar kira daga waje, in ba haka ba haɗawar ma ba za ta kammala ba. Daga 33 sai ka roƙi izini kafin ka aika sanarwa. Daga 35 manhajarka za ta shimfiɗu har ƙarƙashin layin agogo da batir a wayoyin Android 15, sai ka gyara tazarar da kanka. In ban da na 31 da ke tsayar da haɗawa, duk waɗannan a sababbin wayoyi suke bayyana. Wayar da ke kan Android 7 ba ta san da su ba.

Google Play ya ce dole in ɗaga targetSdk. Shin minSdk ma sai ta tashi?

Ba su da alaƙa. Tun 2018 Google ya fara wannan doka, inda ya nemi sababbin manhajoji su kai 26, kuma tun daga nan kowace shekara lambar tana hawa: 33 daga 31 ga Agusta 2023, 34 daga ƙarshen Agusta 2024, 35 daga ƙarshen Agusta 2025. Dokar ba ta ce komai a kan minSdk ba. A ƙarƙashin wa'adin 2025, manhaja mai targetSdk 35 da minSdk 23 halal ce a shagon.

Wani zai ce to bari in guje wa shagon, in bar targetSdk a can ƙasa in riƙa raba fayil ɗin APK da kaina. Wannan hanya ma tana ƙara ƙuntata. Android 14 ba ya yarda a saka manhajar da targetSdk ɗinta bai kai 23 ba, Android 15 kuma ya mayar da shi 24. Dalilin shi ne masu manhajojin cuta sun daɗe suna fakewa a ƙasa da 23 domin su tsallake tsarin neman izini da ya zo da Android 6.0.

To ai dai akwai iyaka. Ina sabon Xcode yake tsayawa?

Akwai, kuma Apple ba ya jin nauyin matsar da ita. Xcode 4.5 na 2012 ya daina haɗa wa masarrafar armv6, ya mayar da matakin ƙasa iOS 4.3, nan take iPhone 3G ya fita daga lissafi tunda a iOS 4.2.1 ya tsaya. Xcode 12 na 2020 ya tsaya a iOS 9. Xcode 14 na 2022 ya tsaya a iOS 11, ya kuma watsar da haɗa wa masarrafa mai bit 32 gaba ɗaya, wato iPhone 5 da 5c, waɗanda ba su wuce iOS 10 ba, sun tafi ke nan. Xcode 15 na 2023 ya ɗaga zuwa iOS 12.

Ya kamata mai haɗa manhaja ya san inda kowace waya ta tsaya, domin da waya mutane suke magana, ba da lambar siga ba. iPhone 5s da 6 da 6 Plus sun tsaya a iOS 12. iPhone 6s da 7 da SE na farko sun tsaya a iOS 15. iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16. Saboda haka ranar da ka mayar da Deployment Target zuwa 16, masu iPhone 7 ka sallama, ranar da ka mayar da shi 17 kuma har da masu iPhone X. A ƙasashen da ake canza waya duk bayan shekara biyu ko uku wannan ba ya tayar da hankali sosai. Inda kasuwar wayoyin hannu take da ƙarfi, kamar yadda duk wanda ya shiga Farm Centre a Kano zai gani, lissafin ya bambanta.

Me zai hana in ajiye tsohon Xcode in ci gaba da aiki da shi?

Ajiyewa babu laifi, har ma yana da amfani. Kana iya saka Xcode biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, ka canza musu suna, ka riƙa zaɓar wanda kake so da umarnin xcode-select. Tsofaffin suna nan a shafin masu haɗa manhaja na Apple. Matsala biyu ce. Ta farko, App Store ba zai karɓi abin da ka haɗa da shi ba in wa'adinsa ya wuce: daga 29 ga Afrilu 2024 sai Xcode 15 ko sama, daga 24 ga Afrilu 2025 sai Xcode 16 da SDK na iOS 18. Ta biyu, sabon macOS yakan ƙi buɗe tsohon Xcode, sabon Xcode kuma yakan ƙi tsohon macOS, don haka kada ka yi gaggawar sabunta kwamfutar da kake fitar da manhaja da ita a tsakiyar aiki.

Akwai kuma dabarar da ta daɗe tana yawo, ta kwafo foldar tsohon SDK a liƙa ta cikin sabon Xcode. A zamanin iOS 6 da 7 mutane da yawa sun yi hakan domin su kauce wa sabon fasalin iOS 7. Apple bai taɓa goyon bayanta ba, kuma yau ba ta da wata riba tunda shagon yana duba SDK ɗin da aka yi amfani da shi.

Manhajar ta haɗu lafiya, ba kuskure ko ɗaya, amma a tsohuwar waya tana rufe kanta. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan. Haɗuwa lafiya tana nufin umarnin da ka kira yana cikin sabon SDK. Ba ta nufin yana cikin wayar Malam Wane da ke kan Android 7. Sai lokacin da manhajar ta iso wannan layi a wayarsa za ta nemi umarnin ta rasa, sai ta faɗi. A rahoton Android za ka ga NoSuchMethodError ko NoClassDefFoundError, a tsohon rubutun Objective-C na iOS kuma saƙon unrecognized selector ne, ko ma ta mutu tun kafin fuskar farko ta bayyana saboda an rasa wata alama wajen lodi.

Maganin shi ne manhajar ta tambayi wayar kafin ta kira. A Android ana duba Build.VERSION.SDK_INT, in ta kai lambar da ake buƙata a bi sabuwar hanya, in ba ta kai ba a bi tsohuwa. Tashoshin sanarwa misali ne mai kyau: sun zo da 26, dole ne a kansu daga can zuwa sama, amma babu su a ƙasa. Sau da yawa ma ba sai ka rubuta sharaɗin da kanka ba, domin laburaren AndroidX, wato tarin umarnai da Google ya riga ya rubuta don ka ɗora manhajarka a kai, ya riga ya yi maka, shi ne amfanin su ContextCompat da NotificationCompat. A Swift, harshen rubuta manhajojin iOS, ana rubuta if #available, kuma tun Swift 2 na 2015 kayan aikin da kansu suke ƙin haɗawa in ka kira sabon umarni ba tare da sharaɗi ba. Objective-C ya samu nasa @available a Xcode 9. Kafin nan da respondsToSelector ake lalube.

A nan Swift ya fi Android tsaro. A Android mai binciken Lint ne yake kama irin wannan kuskure da gargaɗin NewApi, kuma abin takaici, gargaɗi ne da ake iya rufe masa baki da layi ɗaya. Mutane suna ganin jan layi, su danna abin da zai ɓatar da shi, su wuce. Jan layin ya tafi, ramin yana nan. Duk wanda ya gaji manhajar wani ya fara da neman SuppressLint a cikinta, zai ga inda aka binne matsaloli.

Ban taɓa komai a rubutuna ba, amma fasalin manhajar ya canza bayan sabon Xcode.

iOS yana duba SDK ɗin da aka haɗa manhaja da shi, ya yi mata mu'amala daidai da shi. Abin da targetSdk take yi a Android ke nan, sai dai a nan ba ka da zaɓin lamba. Da aka fara haɗawa da SDK na iOS 13, shafukan da a da suke rufe fuskar waya gaba ɗaya suka koma kamar kati da ake iya ja ƙasa, yanayin duhu kuma ya shigo ya mayar da wasu rubuce-rubuce fari a kan fari. Da Xcode 13 da iOS 15, layin saman shafi ya koma garai-garai a wurare da dama har sai an saita scrollEdgeAppearance. Wasu canje-canjen ana iya dakatar da su, kamar yanayin duhu da ake kashewa da UIUserInterfaceStyle a fayil ɗin Info.plist. Abin lura shi ne gyaran da ka yi domin sabuwar siga kada ya ɓata tsohuwar, sai ka duba fuskokin biyu.

Gradle ya ce minSdk ɗina ta yi ƙasa da abin da wani laburare yake buƙata. Ni ban canza ta ba.

Ba kai ka canza ba, laburaren ne ya tashi ya bar ka. A gaskiya a Android wannan ne yake matsar da matakin ƙasa, ba Android Studio ba. AndroidX ya daɗe a kan 14, ya koma 19 a ƙarshen 2023, sannan 21 a 2024. Jetpack Compose, laburaren zana fuskar manhaja, da ya fito 21 ya nema. Google Play services ya daina sabuntawa ga Android 4.4 a Agustan 2023. In manhajarka tana da sashen C ko C++, kayan haɗa irin wannan sashe, NDK r24, ya tsaya a 19, r26 kuma a 21. Laburaren sadarwa na OkHttp daga 3.13 yana buƙatar Android 5.0.

Hanyoyi uku ne. Ka ɗaga minSdk, ko ka tsaya a tsohuwar sigar laburaren, ko ka nemi wani. Tsayawa a tsohuwar siga tana yiwuwa na ɗan lokaci, amma gyaran tsaro ba zai riƙa iso maka ba, kuma laburare ɗaya yakan jawo wasu goma a bayansa, su kuma su nemi sababbi. Saƙon kuskuren da kansa yakan ba da shawarar tools:overrideLibrary. Wannan ba ya gyara komai, yana dai cewa ka ji ka gani, ka ɗauki alhaki. Yana da amfani ne kawai in ka tabbata ba za a taɓa kiran laburaren a tsohuwar waya ba, wato ka killace shi da sharaɗin siga.

A gefe guda, ba duk kuskuren da ke biyo bayan sabuntawa ne ya shafi tsofaffin wayoyi ba. Android Gradle Plugin 8.0 yana buƙatar kayan Java na JDK 17 kuma yana so a rubuta namespace a fayil ɗin Gradle. Wannan tsakaninka da kwamfutarka ne, wayar kowa ba ta shiga ciki.

Xcode yana cewa bai ga libarclite ba.

Xcode 14.3 ya cire wannan fayil. Ana neman sa ne kawai idan wani sashe na aikin yana da Deployment Target mai tsufa sosai, kuma galibi ba manhajarka ba ce, wani laburare ne da ka jawo ta CocoaPods, mai shigo da laburare cikin aikin iOS, wanda har yanzu yake ɗauke da iOS 8. Ka sa 'yan layuka a sashen post_install na Podfile, fayil ɗin saitin CocoaPods, da za su ɗaga IPHONEOS_DEPLOYMENT_TARGET na kowane laburare zuwa daidai da na manhajarka. Kwafo fayil ɗin daga tsohon Xcode yana aiki a kwamfutarka, amma ranar da abokin aikinka ko sabar haɗawa za su gwada, matsalar za ta dawo.

Wani abin da ya fi wannan haɗari ya faru da Xcode 15.0, wanda ya zo da sabon mai ɗinke sassan manhaja. Wasu manhajoji, musamman masu C++ a ciki, sun riƙa haɗuwa lafiya, su yi aiki a sababbin wayoyi, su mutu a iOS 14 zuwa ƙasa. Apple ya ambaci matsalar a bayanan fitowar sigar, ya kuma ba da mafitar komawa tsohon mai ɗinkewa da -ld_classic. Wanda bai da tsohuwar waya a kan teburinsa, daga bakin masu amfani ya ji labari.

Zan iya amfani da sababbin abubuwan harshen rubuta manhaja a tsohuwar siga?

Wasu e, wasu a'a, kuma bambancin yana da sauƙin ganewa. Abin da kayan haɗawa za su iya fassarawa ko su cusa cikin manhajar yana tafiya baya. Abin da yake zaune a cikin tsarin wayar ba ya tafiya.

A Android, java.time sai 26 ya shigo, kuma yana cikin abubuwan da suka fi kayar da manhajoji a Android 6 da 7. Tun Android Gradle Plugin 4.0 na 2020 ana iya kunna coreLibraryDesugaringEnabled, sai a saka kwafin waɗannan umarnai a cikin manhajar. Kotlin kuwa ba shi da wannan damuwa sosai tunda laburarensa yana tafiya tare da manhajar. A iOS, async da await sun fito da iOS 15, amma Xcode 13.2 ya mayar da su baya har iOS 13. SwiftUI, sabuwar hanyar zana fuskar manhaja, ba ya sauka ƙasa da iOS 13, NavigationStack sai 16, SwiftData sai 17. A ganina, wanda yake son riƙe iOS 13 ko 14 da gaske ya fi samun kwanciyar hankali da tsohuwar hanyar, wato UIKit, domin SwiftUI na waɗancan shekaru yana da giɓi da yawa kuma halinsa yana sauyawa daga siga zuwa siga.

Manhajar tana buɗewa a tsohuwar waya amma ba ta iya shiga saba. Laifin sabuntawar ne?

Sau da yawa ba shi ba ne, lokaci ne kawai ya zo ɗaya. Tsohuwar waya tana ɗauke da tsohon jerin hukumomin shaidar tsaro da ta yarda da su. Android da bai kai 7.1.1 ba bai san tushen ISRG Root X1 na hukumar Let's Encrypt ba, kuma gadar da aka yi masa ta tsohon tushe ta ƙare a 30 ga Satumba 2024. In sabarka da Let's Encrypt take aiki, waɗannan wayoyi za su ƙi ta ko da ba ka taɓa manhajar ba. Ana iya saka takardar tushen a cikin manhajar: a Android 7.0 ta fayil ɗin saitin tsaron sadarwa, a ƙasa da haka kuma sai ta laburaren da kake sadarwa da shi. Android 4.4 yana da nasa ciwon daban, domin tsarin tsaron sadarwa na TLS 1.2 ba a kunne yake zuwa ba, sabobi da yawa kuma sun rufe abin da ke ƙasa da shi.

An tura wa mutum manhajar ta Xender, wayarsa ta ce ba za a iya sakawa ba.

Abu uku za ka duba. Na farko sa hannu: tsarin v2 da Android 7.0 ya zo, wayar da ba ta kai nan ba sai da tsohon tsarin v1, don haka in minSdk ɗinka tana ƙasa da 24 ka tabbata duka biyun suna kan fayil ɗin. Na biyu, tun Agustan 2021 Google Play yana karɓar sababbin manhajoji ne a matsayin App Bundle, yana yanka wa kowace waya gutsattsarin da suka dace da ita. In aka ciro abin da ke wata waya aka tura wa wata, yana iya zuwa a guntule ko da sassan da ba nata ba. In ka san jama'arka da turawa suke samun manhaja saboda tsadar data, ka tanadi cikakken APK guda ɗaya a shafinka.

Na uku masarrafa. Dokar Google ta Agustan 2019 ta ce dole manhaja ta zo da sashen bit 64, ba ta ce a cire na bit 32 ba. Ƙananan wayoyi da yawa masu Android Go, irin waɗanda Tecno da itel suke fitarwa da araha, a bit 32 suke aiki ko da ba su tsufa ba. Wanda ya cire armeabi-v7a, wato sashen bit 32, domin rage nauyin fayil ya kori mutanen da bai yi niyyar kora ba.

Ta yaya zan gwada, tunda sabon kayan aikin ba ya zuwa da tsofaffin wayoyin gwaji?

A Android Studio ana saukar da tsofaffin sigogi ta SDK Manager a kunna su a wayar gwaji ta cikin kwamfuta. Xcode ma yana barin a sauke wasu tsofaffin sigogi, sai dai ba ya komawa baya sosai, kuma yakan yarda ya haɗa wa sigar da shi kansa ba zai iya kunna ta don gwaji ba. A irin wannan hali TestFlight, manhajar Apple ta raba sigar gwaji, ko rarrabawar gwaji ta kai tsaye ita ce hanyar kai manhajar kan wayar.

Wayar cikin kwamfuta tana aron ƙarfin kwamfutarka ne. Ba za ta nuna maka yadda manhaja take ja da ƙyar a waya mai gigabait ɗaya ko biyu na ƙwaƙwalwa ba, ko yadda tsarin kamfanin wayar yake kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Ka sayi tsohuwar waya ɗaya da ke daidai matakinka na ƙasa, ka kashe mata sabuntawa, ka ajiye ta don wannan aiki kawai. Ga iPhone wannan ya fi zama dole, domin in ka sabunta shi, Apple ba ya barin a koma baya da zarar ya daina sa hannu a tsohuwar sigar. Firebase Test Lab ma yana ba da hayar wayoyi na gaske daga nesa. Ko wanne ka zaɓa, dokar ita ce duk sigar da ka rubuta a matsayin matakin ƙasa, ka ga manhajar tana aiki a kanta da idonka kafin kowace fitarwa.

Ni da Flutter ko React Native nake aiki. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka har sau biyu, domin ko da yake da su ake rubuta manhaja ɗaya ta yi aiki a Android da iOS, a ƙarƙashinsu Xcode da Gradle ɗin nan ne dai, sannan su ma suna da nasu matakin. Flutter 3.22 na 2024 ya bar Android 4.4. React Native 0.76 ya nemi Android 7.0 da iOS 15.1. Ƙari a kan haka kowane ƙaramin laburare da ka jawo, na kyamara ko taswira ko biyan kuɗi, yana iya neman sama da haka. Ka karanta bayanan fitowa kafin ka buga umarnin sabuntawa, kuma ka yi shi a reshe daban na Git domin komawa baya ta yi sauƙi.

A ina ya dace in sa matakin ƙasa, kuma me zai sami waɗanda na bari?

Alƙaluman duniya da Android Studio yake nunawa lokacin buɗe sabon aiki ba na jama'arka ba ne. Naka suna Play Console da App Store Connect, inda za ka ga masu amfani da manhajarka bisa sigar wayarsu. Manhajar koyon karatu ko ta farashin amfanin gona da aka yi domin ƙauyuka ba za ta yi lissafi ɗaya da ta 'yan kasuwar hannun jari ba. Ka kuma duba su wane ne ke cikin wannan ƙaramin kaso: in wakilanka ne da ke karɓar kuɗi ko rajistar mutane a karkara, kaso biyu cikin ɗari yana iya zama rabin aikinka. A ɗaya ɓangaren, riƙe tsohuwar siga yana cin lokaci, yana hana ka sababbin laburare, kuma manhajar da ke taɓa kuɗi ko bayanan lafiya tana da hujjar barin wayar da ta daina samun gyaran tsaro. Ko WhatsApp, da yake cikin masu daɗewa da tsofaffin wayoyi, ya bar Android 4.4 a Oktoban 2023.

Waɗanda ka bari ba a goge musu manhajar. Tana nan a wayarsu, sabuntawa ce kawai ba za ta ƙara zuwa ba. A App Store, wanda ya taɓa saukar da ita da asusunsa yana iya sake sauke siga ta ƙarshe da ta dace da wayarsa, sai dai in kai ka kashe wannan dama. Saboda haka kafin ka ɗaga matakin, ka fitar da siga ɗaya mai tsafta wadda ka gyara manyan kurakuranta, ka sa mata saƙon da zai gaya wa mai tsohuwar waya gaskiyar halin da ake ciki cikin harshen da yake ji, kada ta riƙa tura shi shago neman sabuntawar da ba zai samu ba. Sannan ka bar tsofaffin hanyoyin sabarka a buɗe na wani lokaci, ka sa manhajar ta riƙa aiko da lambar sigarta a kowace buƙata, domin ka san ranar da masu amfani da ita suka ragu har za ka iya rufewa.